Lauwali Mahauci da Rubutunsa Mai Karkata

Lauwali mahauci ne a kasuwar Tambuwal, amma da dambe aka san shi. Duk kaka, da an cire gero, sai ya ɗaure hannu ya bi garuruwa, daga Jabo zuwa Sanyinna, yana zubar wa 'ya'yan mutane haƙora. Shi ma ya sha nasa rabon. Hancinsa a kwance yake, yatsun damansa kuwa sun karye sun ɗore yadda suka ga dama.

Shekarar da aka samu mulkin kai ya shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fara fito masa. Dalilinsa ba na wasa ba ne: dukan da kansa ya sha ya fara cin tunaninsa. Sai ya nemi sunan garin da ya yi wasa bara ya rasa. Yana so ya rubuta karawarsa duka kafin ta gudu ta bar shi.

Ya iya baƙaƙen, amma hannun ya ƙi. Malaminsu yana rubutu sumul, shi kuwa nasa kamar kaji sun yi tono. Mutumin da bai taɓa ja da baya a fili ba, sai ga shi yana gumi a gaban farar takarda. In harafi ɗaya ya karkace sai ya yayyage shafin, ya naushi bango har fata ta sale. Wani mai sayar da kitse ya leƙa ya yi dariya, Lauwali ya kife masa kai cikin ƙwaryar jini. Abin haushi, shekara biyu ta wuce bai ajiye shafi ko ɗaya ba.

Ran kasuwar Kebbe ya je sayen bijimi, wani dogon mutum ya tare shi da fara'a ya miƙa hannu. Lauwali ya tsaya yana kallonsa.

"Ba ka gane ni ba?" in ji mutumin. "Ni na Dogo na Jabo. Sau ukku munka kara."

"Wallahi ban tuna ba."

A wurin 'yan dambe babu zagin da ya kai ka ce ba ka san wanda ya taɓa kai ka ƙasa ba. Dogo ya ɗauka raini ne. Ya kai masa naushi a muƙamuƙi, ya bi shi da ƙafa cikin kashin shanu, sai da Fulani masu shanun suka shiga da sanduna aka raba. Lauwali bai rama ba. Yana kwance yana tofar da jini yana ta lalube a ransa, Dogon bai zo masa ba.

Washegari bayan yanka, da kumburarren baki, ya zauna ya cika shafi. A karkace, ba aya, ga tabon kitse. Bai yaga ba. Haka ya riƙa yi kullum da hantsi, inda ya manta ya bar fili ya wuce.

Da ya tsufa, 'yarsa Maryama ce ke karanta masa shafukan a ƙofar gida. Wata rana ta karanta yadda shi kansa ya karya wa wani haƙarƙari a Sanyinna. Lauwali ya girgiza kai.

"Kai, wanga mutum ba ya da tausai," ya ce. "Ɗan wane gari na?"