Idon Bayan Mota

Babbar mota ta taka mini ƙafar hagu a kasuwar Bukkuyum, shekarar da soja suka bar mulki. A asibitin Gummi aka yanke ta daga gwiwa.

Motar da nake yi wa aiki ce. Hatsi muke ɗauka. Idan lodi ya zarce bodi direba ba ya ganin komai a baya, madubin gefe ma buhuna kawai yake nuna masa. Ni ne idonsa. Ƙa'idarmu ɗaya ce: ya sa ribas ya yi ta tahowa, sai ya ji na bugi bodi ya taka birki. Muddin bai ji bugu ba, hanya lafiya lau. Haka na tarar ana yi. Ba wanda ya taɓa tunanin ranar da mai bugun zai faɗi.

Ranar, wani buhun wake ya yage ya zube a kan tsandauri. Ina ja da baya na taka, santsi ya kwashe ni. Hannuna bai kai bodi ba. Na yi ihu, inji ya fi ni murya. Direba bai ji bugu ba, ya taho.

Ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da muka shirya shi ya yi.

Ina da mata da 'ya'ya, ga Inna, abin da muke nomawa kuma ba ya kai mu damina. Kafin dungun ya warke ƙanena ya je wurin Alhaji mai motar ya karɓi aikina. Na ce kar ya je.

Ya ce, "Yaya, to mi za mu ci? Sandarka?"

Tun daga nan duk ranar da motar ta fita Inna ba ta taɓa tuwo sai ya shigo. Shekaru muna haka. Sau ɗaya bodi ya matse shi da bango a Anka, ya dawo yana tofar da jini, ya ce kar in gaya mata.

Lokacin da aka fara rububin zinari a Bagega, sai motocin masu saye suka fara shigowa ƙasarmu. Na je Anka ta'aziyya, ina zaune a tasha ina jiran motar gida. Wata jif ta zo za ta juya. Direban bai leƙo ba, bai waiwaya ba, ba kuma mai yi masa jagora. Ya taho da baya har dab da kaskon wata mai ƙosai, ya tsaya cak.

Na dogara sanduna na je wurinsa. "Maigida, wa ya buga maka?"

Ya yi dariya. "Baba, motar ce ke gani."

Ya nuna mini ɗan gilashi kamar talabijin kusa da sitiyari. Yana sa ribas sai ga kasko, ga mai ƙosai, ga wata akuya. Ya fito ya nuna mini abin da ke ganin, a saman lambar motar. Bai fi ƙwayar gujiya ba. Ya ce kyamara ce.

"Tana ganin abin da ke ƙasa?"

"Tana gani."

Na yar da sandunan na kwanta a bayan taya. Mutane suka taru. Wani ya ce gurgu ya zautu.

"Kana ganina?"

"Ina ganinka, har hularka da ta faɗi. Tashi don Allah, kar ka ja mini magana."

Na daɗe ban tashi ba.

Washegari na wuce Gummi wurin mai gyaran wutar mota. Na ba shi labarin kyamarar. Ya ce da ita aka ƙero jif ɗin, shi bai taɓa kwance irinta ba. "Wagga tsohuwar taku ko fitilar baya ba ta da ita, kyamara kake nema mata?"

Na je wurin Alhaji, na zauna a ƙasa. "Ranka ya daɗe, ko Kano ne a kai motar ga a sa mata ido."

"Ido? To ƙanenka aikin mi yake yi? In na sa mata ido sai in sallame shi. Zaɓi ɗaya."

Ban iya zaɓa ba.

Na koma wurin direban motar Alhaji na roƙe shi a juya ƙa'idar: a yi ta bugu muddin hanya lafiya, in bugu ya tsaya ya taka birki. Suka gwada. Hannun ƙanena ya kumbura, yaran wasu motoci suka sa masa suna makaɗi. Ba a daɗe ba suka koma yadda suka saba.

Yanzu facin babur nake yi a kasuwar Bukkuyum, daidai inda ake lodi. Daga zaune ina hango ƙarƙashin motar, ina ganin ƙafafun ƙanena. Da an sa ribas nake ajiye aiki in sa usur a baki, ba na cirewa sai ta tsaya. Ranar kasuwar Gummi da ta Anka can suke lodi. Ni ina nan.