Mutumin da Ke Ɗaukar Rana Hoto Uku Kowace Safiya

Ranar Juma'ar da ta wuce, da ƙarfe goma saura kwata, Baban Rana ya miƙa wa shugabar makaranta makullin saman bene, ya sa hannu a takardar ritaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar sakandare: wanke kwalabe, goge ma'auni, jera kayan darasi kafin malamai su shigo. Aikin da aka ɗauke shi ke nan. Sunan kuwa ɗalibai ne suka raɗa masa, saboda wani aikin da ba wanda ya sa shi. Duk safiyar da sama ta washe, har Asabar da Lahadi, sai ya hau sama ya ɗauki rana hoto uku.

Kafin bakwai yake isowa. Ya buɗe tagogi, ya duba allon darussan ranar, ya shirya tebura. Sannan ya ɗauki akwatin katakonsa ya hau matakala hamsin da biyu. Yana son ya gama kafin siminti ya ɗau zafi, domin da zarar rufin ya ɗumama iska ta fara rawa, hoto ya lalace. Madubin hangen nesan na makaranta ne. A shekararsa ta farko ya tsince shi a sito, cikin akwatin da ba a taɓa cire ƙusoshinsa ba. Gilasan tace haske guda uku kuwa nasa ne, ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su cikin shekara tara.

Ga yadda yake wa 'yan aji ɗaya bayani. Hasken rana launuka ne a cakuɗe, kamar na bakan gizo, kuma kowane sinadari da ke cikin rana yana da siririn layinsa a cikin launukan. Gilashi na farko rage haske kawai yake yi, sai a ga fuskar rana da baƙaƙen tabonta. Na biyu ba ya barin komai ya wuce sai jan layin haidirojin, a nan ake ganin harsunan wuta a gefen rana da wasu zarurruka masu duhu kwance a kanta. Na uku layin kalsiyam ne, can ƙarshen shunayya, yana nuna fararen wurare inda tabo ke shirin fitowa ko ya riga ya mutu. Rana ɗaya, fuska uku. Yana gamawa ya rubuta kwanan wata, lokaci da yanayin sama a littafinsa. Ran da ba a ga rana ba, kalma ɗaya yake sawa: gajimare. Littafin yanzu shi ne na sha huɗu, kuma babu layin da aka bari fayau.

Malamin fizis, wanda ya yi shekara goma sha biyu tare da shi, ya ce: “Ni a littafi na karanta cewa tabon rana suna yawa su ragu duk shekara goma sha ɗaya. Shi ya jera mini hotuna a ƙasa, daga ƙofa har bango, ya ce in taka in gani da ƙafata.”

Tsofaffin ɗalibai sun fi tuna ranar wani husufi. Yara sun zo da fasassun kwalabe da suka turara da hayaƙin kyandir, wai da su za su kalli rana. Ya tsaya a bakin get da bokiti, ya karɓe su kaf, har da na wani malami. Sannan ya juya madubin, ya jefa hoton rana a kan farin zanen gadon da ya aro daga gida. Ɗalibai ɗari shida suka kalli wata yana cin rana, ba wanda ya ɗaga kai sama. Matarsa ta ce zanen bai sake yin fari ba.

Kai ne ka tsare idanun 'ya'yan mutane ran nan. Naka kuwa sai da wata mata ta gaya maka sun fara tafiya.

Shekara uku ke nan. Matar da ke sharar bene na sama, wadda kowa ke kira Mai Shara, ta hau kwashe kashin tattabaru. Ta daɗe tana leƙen allon kwamfutar da yake haɗawa da madubin in ta zo wucewa. Ran nan ta jingine tsintsiya.

“Yaya, wai ranar taka hoda ta koma shafawa ne?”

“Me kika gani, ƙanwata?”

“Ƙurajen nan na gefe. Da ɗaya-ɗaya nake ƙirga su. Yanzu kamar an murje su da yatsa.”

“Iska ce.”

“Iska wata guda da rabi? Haba Yaya. Matsa in murɗa abin nan da kake murɗawa.”

Ya matsa. Ta kama maɓallin saiti, ta kai gaba, ta dawo baya, ta tsaya. “Ga su nan fes.” Ya sunkuya ya duba. Bai ga bambanci ba. Ta ce ya zauna a kan akwatin, sannan ya ce ta ɗauki hoton jan gilashin ma.

Likitar ido ta tabbatar yanar ido ce, a duka biyun. Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin wannan jinjina. Ya zaunar da malamin fizis suka bi hotunan baya ɗaya bayan ɗaya, har suka gano ranar da suka fara dusashewa. Kwana arba'in da uku. Ya ja musu jan layi a littafi, ya rubuta a gefe: “Kada a dogara da waɗannan. Laifin idon mai ɗauka ne.” Ya kuma aika wa ƙungiyar masu sha'awar kallon rana da yake tura wa hotuna cewa su cire su. Malamin ya ce masa ai ba wanda zai taɓa ganewa. Ya amsa: “Wanda zai buɗe su bayan shekara ashirin bai san ina da yana ba. Zai ɗauka rana ce ta canza.”

Likita ta ce aikin cire yanar zai iya ɗan jira. Shi kuma ya mayar da ɗan jiran shekara uku, domin ba ya son ya kwanta alhali ba mai hawa sama. Matarsa ba ta yafe wannan ba tukuna. “Sau biyu yana zuba mini gishiri a shayi,” in ji ta. “Na ce Malam, in ba ka tausayin idonka ka ji tausayin harshena. Ya ce saura kaɗan Mai Shara ta iya ɗaukar na shunayya.”

Ta iya. Mai Shara, wadda ta tsaya a aji huɗu na firamare, yau tana ɗora madubi a ƙafafunsa, ta nemo rana da inuwar bututun ba tare da ta ɗaga ido ba, ta duba kowane gilashi ko ya tsage kafin ta saka shi. Tabo har yanzu ƙuraje take ce musu, harsunan wuta kuma gashin baki. Tun shekara biyu da rabi, duk hoton da aka tura da saitinta aka ɗauke shi, kuma ya sa an rubuta haka a ƙarƙashin kowanne. Wata mai bincike da ta rasa hotunan mako guda saboda hadari ya rufe nata wurin ta cike giɓin da nasu, ta aiko da godiya ga mutum biyu. Shi ya karanta wa Mai Shara wasiƙar da gilashin ƙara girman rubutu. Ta ce a sake karanta wurin da aka ambace ta.

Baban Rana, mai safiya ɗaya fuska uku. Kai ne ka hau matakalar nan fiye da sau dubu goma ba a taɓa tafa maka ba. Kai ne ka soke aikinka da hannunka lokacin da ba mai tuhumarka. Kai ne ka ga mai ido a inda wasu ke ganin mai tsintsiya. Mun gode, Allah ya ba da sa'ar aiki. Likita ta ce wasu in an cire musu yana sukan sake hango shunayyar nan da tsofaffin idanu ba sa gani, muna fatan kana cikinsu. Duk mai wani ɗan aiki da yake yi shi kaɗai, ya duba wanda ke tsaye kusa da shi yana leƙe, ya matsa masa.

Saura magana ɗaya. Dokar makaranta ta ce ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ke riƙe makullin sama, kuma ba a turo wanda zai maye gurbinsa ba. Mai Shara sau ɗaya a mako maigadi ke karɓo makullin ya buɗe mata don shara, shi ma da hantsi, bayan siminti ya yi zafi. Baban Rana ya bar mata gilasansa uku da littafi na sha huɗu, ya kuma rubuta takarda yana roƙon a ba ta makullin minti arba'in kowace safiya. Shugabar makaranta ta ce ita ba ta ƙi ba, amma sai kwamitin gudanarwa ya zauna, kuma ba a sa ranar zaman ba.

Asabar, Lahadi da Litinin an tashi da hadari. Mai Shara ta tsaya a tsakar makaranta ta dubi gabas, ta rubuta gajimare sau uku da rubutunta mai manyan baƙaƙe. Masu hasashen yanayi sun ce sama za ta washe ranar Laraba, ranar da za a yi masa aikin idon dama. Zuwa yammacin jiya, makullin yana cikin aljihun teburin shugaba, takardar tana kansa, ba a amsa ba.