Na Bar Yaya Ya Fara Dannawa

A shekarar da aka ɗauke mu aikin wucin gadi na rajistar manoma don rabon taki, ni da ɗan baffana muka samu, shi ƙauyukan Isa, ni na Sabon Birni. An gaya mana tun farko cewa in an gama mutum ɗaya za a riƙe aikin dindindin. Ina son aikin nan kamar me.

Sabis ba ya zama a ƙauye, don haka kullum da la'asar sai mu haɗu a kan wani tudu a hanyar Kurawa, kowa ya tura abin da ya tara a wayarsa. Ya girme ni, ni kuwa a gidanmu ko tuwo ba na sa wa hannu kafin babba. Sai in tsaya da yatsa a sama, yana dannawa in danna.

Nasa ya wuce sumul. Nawa ya dawo da jan rubutu, wai bayanan da na shigar ba daidai ba ne. In sake duba sunaye da shekaru har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba. In na sake turawa daga baya ya shiga, amma an riga an rubuta mini kuskure a ofis. Shugabarmu ta fara kiransa mai hannun zinariya a gabana. Ba zan ɓoye ba, har sabon takalminsa haushi yake ba ni, balle yadda yake hura wa gilashin wayarsa iska yana gogewa da hannun riga.

Shi aka riƙe. Bayan an sallame ni ne wani injiniya ya zo daga Sakkwato gyaran na'urar ofis da ke karɓar bayananmu, na tare shi na tambaya. Ya ce bayanaina lafiya lau suke. In mutum biyu suka tura kusan tare, na'urar takan miƙa musu lambar rajista guda, wanda ya riga ya ɗauke, na bayan kuma ta rasa abin faɗa sai ta ɗora masa laifi. Da na riga shi, ko na jinkirta kaɗan, da shi ke nan.

Ranar nan na kai wa yayan nawa labari da zafina, na same shi yana wanke babur ɗin ofis. Ya saurara, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata da jiƙaƙƙen hannu.

“To ƙanena, mi ya hana ka riga ni? Ni ban taɓa ce maka ka jira ni ba.”

Gaskiyarsa, bai taɓa cewa ba. Na karɓi bokitin na ƙaro masa ruwa.