Ƙasar da Aka Niƙa Mana

Aikina a ɗakin gwaji niƙa ƙasa ne. Mahaifiyata har ta bar duniya ba ta daina tsokanata ba, wai na yi boko shekara da shekaru don in ƙare a daka, abin da ita ta iya ba tare da ta taka aji ba. Da gaskiyarta. Idan an kawo ƙasa sai in shanya, in niƙa a wani ɗan turmin dutse mai santsi, in tankaɗe, in matse ta zama kamar maɓallin riga, sannan in sa a na'ura. Na'urar ta harba mata hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Duk ƙarfen da ke ɓoye a ciki, komai ƙanƙantarsa, sai ya amsa da nasa haske, a ga layinsa ya yi tsini a kwamfuta.

Wata shekara jita-jita ta tashi a Kasuwar Kwastam cewa ganyen wasu lambuna na da guba. Aka ce masu lambu su kawo ƙasarsu a auna, wanda aka samu dalma ta yi yawa a tasa a hana shi shuka. Cikinsu akwai wani dattijo daga Galtimari, wanda ya gaji lambun a wajen mahaifinsa, kuma da shi yake ciyar da gidansa. Kowa ya kawo ƙasarsa da tsakuwa da saiwoyi, shi kuwa tasa lukui kamar garin tuwo, a ƙulle cikin sabuwar leda.

"Wushe, 'yata," ya gaishe ni da yarensu. "Na rage miki aiki."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na yi godiya, na tsallake turmi, na matse ta a yadda take. Nawa laifin ke nan.

Da sakamako ya fito, layin dalma ya yi tsiri har ya danne sauran. Ogan ɗakinmu ya leƙa, ya ce in rubuta rahoto. Na ce ban yarda da wannan ƙasar ba.

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji shi.

"Ba ta ƙarya, ranka ya daɗe, amma abin da aka ba ta shi take faɗa."

Ya san halina, idan na kafe na kafe. Ya ba ni kwana biyu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ƙasar da bola ko ruwan kwata ya ɓata, dalma ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, tare take tafiya da tutiya da jan ƙarfe. A ta dattijon nan waɗannan biyun suna kwance lafiya. Na zuba ragowar garin a farar takarda, na kai bakin taga. Sai ga wani ƙyalli toka-toka a ciki. Ni kuwa na san wannan ƙyallin, kullum da safe ina ganinsa a gaban madubi.

Washegari na hau keke-napep zuwa Galtimari. Na tarar da shi ya yi tagumi a gaban irin salak da ya isa dashe. Ya ƙi dasawa sai ya ji hukuncinmu, ga irin yana neman wuce lokaci.

"Baba, wa ya niƙa ƙasar nan?"

Ya kira matarsa. Ta fito da wani ɗan dutse baƙi wuluk, tana fara'a.

"Ƙasar da za a kai gaban masu ilimi ai ba a kai ta da tsakuwa, 'yata. Dutsen kwallina na sa, ya fi laushi."

Dariya ta kama ni, haushi ya kama ni, har da ƙwalla. Kwallin gargajiya na dutse yawancinsa dalma ne. Girmamawa ce tsantsa ta kusa cinye musu lambu, ni kuma da na san aiki na karɓa ina godiya.

Na durƙusa na ɗebi ƙasa da hannuna daga kowane lungu na lambun. Na koma na shanya, na niƙa a turmina, ban tsallake komai ba. Dalma ta kwanta ƙasa, ba ta wuce ta kowace ƙasar kirki ba. Na sake aunawa don in rufe bakin Oga. Ya sa hannu, kuma daga ranar bai ƙara cewa in yi sauri ba. A duk shekarun aikina babu rahoton da nake alfahari da shi kamar wannan.

Da kaina na kai takardar. Na roƙi matar ta daina sa wa jikokinta wannan kwallin. Ta ƙare wa idona kallo, ta ga ni ma na daina sawa, babu ko ɗigo, sannan ta ce to.

Dattijon bai karɓi takardar ba, ya ce in faɗa masa da baki. Na ce, "Baba, ƙasarka lafiya lau." Ya share fuska da bakin riga. Sai ya sunkuya ya tumɓuko irin salak cike da hannu.

"Kauce, 'yata," ya ce. "Kin tsaya min a fangali."