Rediyon Yaya Haruna Ba Na Fasawa Ba Ne

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa a Anka. Gyaran rediyo ne sana'arsa, a wata rumfa bakin kasuwa. Ni dillali ne. Na sayar da shanu, na sayar da hatsi da babura, kuma ban taɓa jin kunyar riba ba. Shi kuwa sai ya wuni kan waya ɗaya da ta tsinke, yana cewa abin da ya taɓa magana ba a yanke masa ƙauna.

Rediyon mahaifinmu ya dawo hannuna bayan rasuwar Haruna, babban akwatin katako mai ƙyalle a gaba. Na ajiye shi bisa rumbu na manta.

Bara wasu baƙi suka riƙa zagaya Anka da Bukkuyum suna neman tsofaffin rediyo. Wai akwai wani jan ruwa a kwalaben ciki da ya fi zinariya tsada. Gida-gida aka riƙa fito da kayan iyaye ana sa musu guduma. Ban ga wanda ya samu ko ɗigo ba. Lawali, babban ɗan marigayin, shi ya kawo mini su har zaure.

"Baffa, mi za ka yi da gawa? Ko Inna ta ce a sayar."

Na tambayi Inna, mahaifiyarmu. Ta ce ita ba ta faɗa ba.

Da Haruna na raye, me zai ce? Mutumin da ya ga yadda aka daka dutsen zinariya cikin gidaje a Bagega har gubar dalma ta ci yara, ba zai yi mamaki ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Amma zai yi baƙin cikin ganin guduma a hannun ɗansa.

Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai Gummi, wurin wani dattijo da suka koyi aiki tare da Haruna. Da ya buɗe bayansa, zanzaro ya yi gini a ciki, ɓeraye sun ci wayoyi. Amma ya nuna mini ɗaurin dalma irin na Haruna, ƙanana, sumul, ko ɗaya bai saki ba. Ya kakkaɓe, ya sauya wayoyin, ya shafe katakon da mai. Ranar da na koma ya murɗa, sai da rediyon ya yi shiru kamar ba zai tashi ba, sannan ya yi gyaran murya.

Yaya bai bar gona ko gida ba. Ya bar aikin da ɓera da damina suka kasa kwancewa, kuma wannan ba na ciniki ba ne. Lawali har yau bai huce ba. Baƙin sun sake dawowa, na shimfiɗa musu tabarma na ce su zauna, labarai za a fara, ji kyauta ne.