Baƙon Gwaggo

Jiya hadari ya taso daga wajen Bune, jikina ya ɗauki ciwo tun daga wuya har tafin ƙafa, sai na tuna Gwaggo, yayar mahaifina. Ciwonmu ɗaya: ba kumburi, ba zazzaɓi, amma ko zane ya goge fata sai a ji kamar ƙaya. A shekarun farin nan na saba'in muka je likitar Gure, wato asibiti, tare. Majo mai duba marasa lafiya ya ce bai ga komai ba.

Na fito ina kuka. Ita kuwa ta dafa kafaɗarta tana dariya, ta ce, "To baƙona, ashe kunyar majo kake ji? Mu je gida."

Haka take kiran ciwon. Kowace safiya tana shafa man shanu tana gaishe shi da kwana. Mata su ce mini, "Dubi dauriyar gwaggonki, ke sai raki!" Har yau ina ƙyashin dariyar nan. Ran da na ce nata bai kai nawa ba, man kawai ta miƙo mini.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Kin bar mini baƙon. Allah ya ba ni halin da kika tarbe shi da shi.