Ƙwayoyin da Na Raba da Yayana

An cire ni daga binciken magani a wata na biyar, saboda ina raba ƙwayoyina da yayana.

Mu biyu muka gaji ciwon nan mai cinye tsoka. Ta wajen uwa ya zo, shi ya kwantar da kawunmu. Sharaɓarmu ta yi kauri kamar ta 'yan kokawa, amma ba ƙarfi a ciki. In za mu tashi daga tabarma sai mun dafa gwiwa, mu hau jikinmu da hannu. Dukawa ne mu, a unguwar Gidan Dare. Rumfa ɗaya muke zama, shi yana yankan fata, ni ina ɗinki. Akushi ɗaya muke ci tun muna yara. Ko goro aka ba ɗayanmu sai an fasa shi biyu.

Wata shekara aka ce gwamnati ta ba likitoci kuɗi su gwada sabon magani. Muka je asibiti. Masu iya tafiya kawai ake ɗauka, shi kuwa Yaya ƙafafunsa sun riga sun daina. Aka ɗauke ni, aka bar shi. Likita ya yi min bayani mai tsawo, na dangwala yatsa. Ƙwaya biyu kullum da safe.

Da na dawo na ajiye kwalbar maganin a tsakaninmu.

"Naka na," in ji Yaya. "Kai anka ba."

"Buɗe baki dai."

Watannin nan sun yi daɗi. Duk safiya ɗaya shi, ɗaya ni, mu kora da kunu. Ranar awo in hau a daidaita sahu in je, a sa ni in yi ta kai da kawowa a baranda, likita yana kallon agogo. Kan hanyar dawowa in tsaya in sayo mana fura da nono. Yaya ya ce hannunsa ya fara jin wuƙa. Har waƙar majema ya koma yi, da muryar nan tasa marar daɗi. Maƙwabta suna tsokanarsa, wai saura ya nemi buga ƙwallo. Ni ma na ga kamar na rage faɗuwa.

A gidanmu ba a cin alheri a yi shiru. Yaya ya zaɓi jar fatar akuya mai laushi, ya yi mako uku yana yi wa likita jaka. Ni na kai.

"In ji wana. Ya ce a gode maka, magani ya karɓe shi."

"Wane magani, Malam?"

"Wanga da kake ba mu."

Likita ya ajiye biro. Bai yi faɗa ba. Ya ce duk awon da ya yi min na wata biyar ya lalace, tunda rabi nake sha. Ya ce maganin zai iya cutar da wanda ba a duba jininsa ba. Na ce to a ƙara min kwalba, in sha tawa cikakkiya. Ya ce dokar aikin ba ta yarda ba, dole ya cire ni. Ya kuma tuna min abin da ya faɗa tun farko, wanda ban riƙe ba: wasu kwalaben magani ne, wasu gari ne kawai, shi kansa bai san wacce aka ba ni ba.

A gida na ce wa Yaya an gama aikin. Ya tambaya ko likita ya ji daɗin jakar. Na ce ya ji, kuma gaskiya ne. Bayan shekara uku ƙirjinsa ya gaza, muka kai shi makwancinsa. Bai taɓa sanin cire ni aka yi ba.

Yanzu ina unguwar Mabera, gidan ƙanwata. Ƙafafuna sun daina shekara biyu ke nan. Da hantsi a fito da ni zaure, in yi gyaran takalma har la'asar. Hannun dama yana riƙe basilla har yanzu.